Totur da giya a motocin gudu: abin da manhaja ke gyarawa da abin da aka taɓa ɓoyewa a cikinta

A watan Nuwamban 2022 kamfanin Mercedes-Benz ya bayyana wa masu sayen motocinsa na lantarki samfurin EQE da EQS a Amurka cewa duk wanda ke son motarsa ta ƙara zafin tashi sai ya riƙa biyan dala 1,200 a kowace shekara. Babu ƙarfen da za a canza, babu makanikin da zai kwanta ƙarƙashin mota. Ƙarfin yana nan cikinta tun daga masana'anta, an dai kulle shi ne da manhaja, kuma da zarar kuɗi ya shiga sai a buɗe, motar ta rage kusan sakan ɗaya daga lokacin da take ɗauka kafin ta kai gudun kilomita 96 a awa. Tesla ya riga shi da irin wannan ciniki, inda yake karɓar dala 2,000 sau ɗaya a kan wani samfurin Model 3.

Wannan ciniki ya fito da wani abu da yawancin direbobi ba su lura da shi ba: a motar zamani, yadda inji ke amsa ƙafar direba da yadda giya ke shiga duk hukunci ne da wani injiniya ya rubuta a kwamfuta. Saboda haka ana iya gyara shi, ana iya sayar da shi, ana kuma iya ɓoye maguɗi a cikinsa. Dukkan ukun sun faru.

Ƙafa tana roƙo, kwamfuta tana yanke hukunci

A tsofaffin motoci masu kafireto, wayar ƙarfe ce ke haɗa totur da wani faifai da ke bakin inji. Direba ya taka rabi, faifan ya buɗe rabi, iska ta shiga, fetur ya biyo ta. Daga ƙarshen shekarun 1980 aka fara yanke wannan waya. BMW 750i mai silinda 12 na cikin na farko da suka yi haka, Chevrolet Corvette ta bi a 1997, kuma a yau da wuya a sami sabuwar mota mai wayar totur.

Abin da ya maye gurbinta shi ne sansa guda biyu da ke jikin fedar totur. Kowacce tana aika ɗan ƙaramin lantarki, ƙasa da bolt 5, zuwa kwamfutar inji, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. An yi su biyu ne domin kwamfutar ta riƙa gwama saƙon ɗaya da na ɗaya; idan suka saɓa, sai ta ɗauka akwai matsala ta rage wa motar ƙarfi. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da Bosch ya fito da tsarin Motronic ME7, kwamfutar ba ta karanta saƙon a matsayin umarnin buɗe faifai. Tana fassara shi ne a matsayin buƙatar wani adadi na ƙarfin murɗa taya, sannan ta duba gudun inji, zafinsa, giyar da ake ciki, ko taya na zamewa, kafin ta yanke nawa za ta bayar. Jadawalin da ke danganta zurfin takun feda da ƙarfin da za a saki shi ake kira taswirar totur.

Jinkirin da direbobi ke kuka da shi galibi da gangan aka saka shi. Idan faifai ya buɗe farat ɗaya, iska kan riga fetur shiga, ƙonuwa ta gurɓace na ɗan lokaci, hayaƙi mai guba ya ƙaru, kuma dokokin Turai da Amurka ba sa yafe wannan. Akwai kuma kare haƙoran giya daga fizga, da tsimin mai, da gudun kada fasinja ya riƙa buga ƙeya a kujera. Maɓallin Sport da ke motoci da yawa ba ya ƙara wa inji ko ƙarfin doki ɗaya a mafi yawan samfura. Yana sauya taswira ne kawai, ta yadda takun kashi 30 cikin ɗari zai samar da abin da a da sai an taka kashi 50, sannan ya hana giya saurin hawa sama.

Akwatunan da ake sayarwa

A kan wannan gaɓa ce kasuwar ƙananan na'urori irin su Pedal Commander da Sprint Booster ta ginu. Ana soka su tsakanin fedar totur da wayar da ke zuwa kwamfuta, aikinsu kuwa shi ne zuzuta saƙon: direba ya taka kaɗan, su shaida wa kwamfuta cewa ya taka da yawa. Motar takan ji kamar ta farka daga barci, musamman a cikin gari, kuma mai ita ba ƙarya yake yi ba idan ya ce ya ji bambanci. Sai dai idan aka taka feda har ƙasa, saƙon da ke isa kwamfuta ɗaya ne da na'urar ko babu ita, don haka iyakar ƙarfin injin bai motsa ba. Abin da mutum ya saya da kuɗinsa shi ne abin da zai samu kyauta da ya ƙara danna ƙafarsa. Hasarar kuma ita ce tazarar fedar ta ƙuntata, sarrafa mota a kan rigar kwalta ko wajen fakin ya ƙara wuya.

Sake rubuta manhajar injin kanta wani mataki ne daban, kuma shi ne mai canza ƙarfi da gaske, musamman a inji mai turbo. A nan ana ƙara matsin iskar da turbo ke turawa, a sauya lokacin da fulogi ke ba da wuta, a ɗaga iyakar ƙarfin murɗa. Amma akwai jinkirin da manhaja ba ta iya kawarwa. Turbo hayaƙin salansa ne ke juya shi, kuma kafin hayaƙin ya yi ƙarfin da zai kaɗa shi sai inji ya ɗauki gudu. Wannan matsalar ƙarfe ce, da ƙarfe kuma kamfanoni suka tunkare ta. Porsche ya saka wa 911 Turbo ta 2006 turbo mai fikafikan da ke sauya kusurwa. Audi ya ƙara wa SQ7 ta 2016 famfon iska mai aiki da lantarki na bolt 48. Mercedes-AMG ya dasa ƙaramin injin lantarki a kan sandar turbo ɗin kansa a samfurin SL 43 da C 43 na 2022, domin ya fara juyawa tun hayaƙi bai iso ba.

Yadda giya mai shiga da kanta ta kamo ta hannu

General Motors ne ya fara sayar da giya mai shiga da kanta ga jama'a da yawa, wato Hydra-Matic, a motocin Oldsmobile na 1940. Shekaru da dama bayan haka masu son gudu suna raina irin wannan giya, kuma suna da hujja. A tsakanin inji da akwatin giya akwai wata tukunya cike da mai da ake kira kwanbata, mai fanka biyu a ciki suna fuskantar juna: inji ya juya ɗaya, ita ta watsa mai, man ya juya ɗayar. Wannan ne ke sa mota ta tsaya a danja tana cikin giya ba tare da ta mutu ba, amma shi ne kuma ke cinye wani kaso na ƙarfi, ya sa direba ya ji kamar akwai katifa tsakanin ƙafarsa da taya.

Hanya biyu aka bi aka magance wannan. Ta farko ita ce giya mai kuloci biyu. Porsche ya gwada ta a motocin tserensa 956 da 962 a shekarun 1980, amma Volkswagen ne ya kawo ta kan titi a 2003 cikin Golf R32 da sunan DSG, Porsche kuma ya saka tasa mai suna PDK a 911 a 2008. Dabarar ita ce kuloci ɗaya na riƙe da giya ta 1, 3 da 5, ɗayan na riƙe da 2, 4 da 6. Yayin da mota ke tafiya a ta uku, ta huɗu ta riga ta shiga tana jira, sai kawai wannan kuloci ya saki wancan ya kama. Rauninta yana bayyana ne idan kwamfuta ta yi hasashen kuskure, ta tanadi giyar sama alhali direba na son ta ƙasa, da kuma a cunkoso, inda kuloci ke ta gogawa yana zafi.

Hanya ta biyu ita ce gyara tsohuwar. An saka wa kwanbata kuloci na kulle wanda ke haɗe inji da giya kai tsaye jim kaɗan bayan mota ta tashi, aka ƙara yawan giyoyi, aka kuma damƙa wa kwamfuta sarrafa matsin mai. Akwatin 8HP mai giya takwas na kamfanin ZF na Jamus, wanda ya fara fitowa a BMW 760Li a 2009, yana sauya giya cikin kusan kashi ɗaya bisa biyar na sakan, yana kuma iya tsallake giyoyi da dama a lokaci guda idan aka taka wuta. Nasararsa ta kai ga BMW ya ajiye giya mai kuloci biyu a M5 ta 2017 da M3 ta 2020 ya koma kansa. Wannan shi ne hukunci mafi bayyana da masana'antar ta yanke a muhawarar, ko da yake Porsche bai saki PDK ba.

A kowane sauyin giya, kwamfutar giya da ta inji suna magana. Ta giya takan nemi a rage ƙarfi na ƙiftawar ido, ta inji ta jinkirta wutar fulogi ko ta yanke fetur, kuloci ya kama, ƙarfi ya dawo. Ƙarar nan mai kama da tari da ake ji daga salansar Golf GTI idan tana hawa giya daga nan take fitowa. Masu sake rubuta manhajar giya suna taɓa waɗannan wurare ne: su ƙara matsin man da ke danne kuloci, su gajarta lokacin miƙa ƙarfi, su sa kwanbata ta kulle da wuri, su hana giya hawa da kanta idan direba ya zaɓi sarrafawa da hannu. Ga wanda ya riga ya ƙara wa injinsa ƙarfi, wannan gyara kusan wajibi ne, domin in ba haka ba kuloci zai riƙa zamewa, ko kuma kwamfutar giya ta ƙi karɓar ƙarin ƙarfin.

Iyakar tana rubuce a jikin sunan akwatin. ZF 8HP45 an gina shi ne don ƙarfin murɗa na kusan niwton-mita 450, 8HP70 kuma 700. DSG mai busasshen kuloci, DQ200, iyakarsa 250 ne. Manhaja na iya goge lambar da ke hana wuce wannan iyaka, amma haƙoran giyar suna nan yadda aka ƙera su. Masu Nissan GT-R na farko a Amurka sun ga haka: tsarin tashi da ƙarfi daga tsaye ya riƙa fasa musu akwatin giya, kamfanin ya ƙi biyan garanti bisa hujjar cewa sun kashe na'urar hana zamewa, rikici ya kai kotu, daga baya Nissan ya sake rubuta manhajar ya rage gudun injin da motar ke tashi da shi. Volkswagen da Audi kuwa suna da lambar TD1 da kwamfutar dillalansu ke liƙa wa duk motar da aka gano an taɓa manhajarta, kuma daga nan garantin inji da giya ya shiga shakka.

Inda kamfanoni suka ɓoye hannu

Kowa ya san badaƙalar dizal ta Volkswagen da hukumar kare muhalli ta Amurka ta fallasa ranar 18 ga Satumban 2015, wadda ta shafi motoci kusan miliyan 11 a duniya. Abin da bai yi amo kamarta ba shi ne na giya. A watan Nuwamban 2016 jaridar Bild am Sonntag ta Jamus ta ruwaito cewa hukumar kula da iska ta jihar Kalifoniya ta gano wata manhaja a akwatin giyar wasu motocin Audi da ke lura da sitiyari. A ɗakin gwaji tayoyi na juyawa a kan nadi amma sitiyari ba ya motsi. Muddin bai motsa ba, giya za ta riƙa hawa sama da wuri, inji ya yi sanyi, shan mai da hayaƙi su ragu. Da an murɗa shi ya wuce digiri 15, alamar an hau titi ke nan, sai motar ta koma halinta na gudu.

A watan Agustan 2019 kamfanin ya amince ya rage alƙaluman tsimin mai da ya rubuta wa motocin fetur kusan 98,000 na Audi, Bentley, Porsche da Volkswagen, ya kuma biya masu su dala miliyan 96.5. Ma'anar wannan a fili take. Zafin tashi da tsimin mai suna jan igiya ne ta fuska biyu, kuma maimakon kamfanin ya zaɓi ɗaya ya faɗa wa mai saye gaskiya, sai ya nuna wa hukuma fuska ɗaya, ya nuna wa direba wata.

Ford ma ya sha nasa. Giyarsa mai busasshen kuloci biyu, PowerShift, da ke cikin Focus da Fiesta ta riƙa karkarwa tana fizga, har kotun Ostireliya ta ci tarar kamfanin dalar ƙasar miliyan 10 a 2018 saboda yadda ya yi da masu ƙorafi, inda aka riƙa gaya wa wasu cewa salon tuƙinsu ne matsalar. A 2019 binciken jaridar Detroit Free Press ya fito da takardun cikin gida da ke nuna injiniyoyi sun san da lahanin tun kafin a fara sayar da motocin.

Wa ke da ikon buɗe wannan manhaja ya duba? A Amurka sai a 2015 ne aka keɓe manhajar mota daga dokar haƙƙin mallaka da ta haramta fasa kullen kwamfuta, domin mai mota ya iya bincike da gyara. A 2020 masu zaɓe a jihar Masacuset suka amince da dokar da ta tilasta wa kamfanoni buɗe bayanan mota ga gareji masu zaman kansu, da rinjayen kusan kashi 75 cikin ɗari, kamfanonin kuma suka garzaya kotu. A lokaci guda suna ƙara ƙarfin kulle, kamar yadda General Motors ya yi wa kwamfutar Corvette ta 2020. Hujjarsu ita ce tsaro daga masu kutse da kare muhalli, kuma ba hujjar banza ba ce, tunda masu gyaran bayan fage da dama kashe na'urorin tace hayaƙi suke yi. Amma wanda ya bi labarin sitiyarin Audi zai yi wuya ya yarda cewa kullen don amfanin mai mota kaɗai aka yi shi.

Abin da ya shafi mai mota a Najeriya

Yawancin motocin da ke kan titunan Najeriya na hannu ne, daga Amurka da Turai, wasu ta tashar Legas wasu ta Kwatano, kuma suna isowa da manhajar da aka rubuta don man wata ƙasa da yanayinta. Injin da aka ƙara wa matsin turbo yana buƙatar fetur mai lambar oktan 95 ko 98, alhali gidajen mai a nan iri ɗaya suke sayarwa, ba a kuma rubuta lambarsa a jikin famfo. Ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol daga Beljiyam ya lalata injuna. Kwamfutar masana'anta tana da tazarar kariya: idan ta ji inji na ƙwanƙwasa sai ta janye wutar fulogi. Manhajar ƙarin gudu wannan tazarar take cinyewa.

Zafi ma abokin gabar giya ne. A 2013 Volkswagen ya janye motoci kusan 384,000 a Sin saboda DSG, daga baya a shekarar ya faɗaɗa janyewar zuwa kusan miliyan 1.6 a duniya don sauya man akwatin DQ200, wanda ke haddasa matsalar lantarki a wurare masu zafi da cunkoso. BMW na cewa man giyarsa na tsawon rayuwar mota ne, amma ZF da ya ƙera akwatin ya taɓa ba da shawarar a canza shi tsakanin kilomita 80,000 zuwa 120,000 idan motar na shan zafi ko tuƙi mai tsanani. Kafin mutum ya kashe kuɗi a kan wata na'ura, jinkirin totur sau da yawa daga ƙurar hunturu ce da ta toshe matatar iska ko ta daskare a bakin faifan totur, ko tsofaffin fulogi, ko man giya da ya ƙone. Bayan wanke faifan ko canza man, kwamfutar na buƙatar a sake koya mata da na'urar bincike, matakin da ake yawan tsallakewa. Cire matatar hayaƙi ta cikin salansa, wadda makanikai ke yi wa laƙabi da indomi, ba ya mayar da mota ta tsere. Yana rikita sansar da ke bayanta, gubar da aka hana fita kuma ta koma huhun masu tafiya a ƙasa.

Sai batun da ya fi kowanne nauyi. Ranar 28 ga Agustan 2009 wata Lexus ES 350 ta ƙwace a kusa da San Diyego, ta kashe mutum huɗu 'yan gida ɗaya, cikinsu har da direban, wanda jami'in sintirin manyan hanyoyi ne. Shimfiɗar ƙafa ce ta maƙale fedar totur. Toyota ya janye motoci miliyan 3.8 saboda shimfiɗar, sannan miliyan 2.3 a Janairun 2010 saboda fedar da ke liƙewa, shugaban kamfanin Akio Toyoda kuma ya bayyana gaban majalisar dokokin Amurka a watan Fabrairu. Binciken da injiniyoyin NASA suka yi, wanda aka fitar a Fabrairun 2011, bai gano lahani a lantarkin totur ba, amma a Oktoban 2013 masu taya alƙali hukunci a Oklahoma sun ɗora wa kamfanin alhakin wani haɗarin Camry ta 2005 bayan sauraron ƙwararrun da suka soki yadda aka rubuta manhajar. A Maris na 2014 Toyota ya biya dala biliyan 1.2 bayan ya amsa cewa ya yaudari jama'a game da matsalolin fedar da shimfiɗar.

Camry ta 2007 zuwa 2010, wadda ake kira Muscle a kasuwannin mota na Najeriya, da ES 350 ta waɗannan shekaru suna cikin waɗanda janyewar shimfiɗar ta shafa, kuma dubbansu na yawo a Kano, Kaduna da Abuja. Shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, yana ba da damar a saka lambar shasi mai harafi da lamba 17 a ga ko akwai gyaran janyewa da ba a yi wa motar ba. Cikin gyaran da Toyota ya yi wa waɗannan samfura har da ƙara manhajar da ke sa birki ya rinjayi totur idan aka taka su tare. Idan totur ya maƙale mota na gudu, umarnin kamfanin shi ne a danne birki da ƙarfi ba tare da sassautawa ba, a mayar da giya kan N, a gangara gefen hanya. In motar mai maɓallin tayarwa ce kuma giyar ta ƙi fita, dannawa sau ɗaya ba ta kashe injin tana tafiya. Sai an riƙe maɓallin na aƙalla sakan uku.